Tambayoyi da amsoshi kan kiran ikilisiya na yin bishara a fili

Yawancin tambayoyin nan matasanmu ne suka yi ta jefo min su bayan an tashi sujada ko a ajin baftisma, guda biyu kuma daga wajen maƙwabtana Musulmi suka fito, mutanen da muke zaman shan iska tare a ƙofar gida shekara da shekaru. Ni dattijon ikilisiya ne, Bahaushe, a Arewa aka haife ni a nan na girma, don haka daga nan nake amsawa.

Wai dole ne sai mun yi maganar bangaskiyarmu a fili? Ba addini tsakanin mutum da Allahnsa ba ne?

Eh bangaskiya a zuciya take farawa, amma ba a ce ta tsaya can ba. Maganar ƙarshe da Ubangiji Yesu ya bar wa almajiransa a Matiyu 28:18-20 ita ce su tafi su almajirtar da dukkan al'ummai, su yi masu baftisma su koya masu, shi ne muke kira Babban Umurni. A Ayyukan Manzanni 1:8 kuma ya ce za su zama shaidunsa tun daga Urushalima har iyakar duniya. Kalmar nan shaida ita nake so ku riƙe. Duk wanda ya taɓa zuwa gaban alƙali ko gaban mai unguwa ya san aikin shaida: ba shi ke yanke hukunci ba, ba shi ke kama mutum ba, abun da ya gani ya ji kawai zai faɗa. Amma in aka kira shi ya yi gum, ko ya ce bai san komai ba alhali yana wurin, toh ya ci amana.

Kuma ita kalmar bishara ma ai albishir ne. In aka yi maka haihuwa ba ka jira a roƙe ka, kai ke bi gida gida kana cewa albishirinku. Mutumin da ya gaskata cewa an gafarta masa zunubansa kyauta, sannan ya zauna da maƙwabci shekara 20 bai taɓa buɗe baki ya ce masa ga abun da Allah ya yi min ba, gaskiya akwai tambaya a kan ƙaunar da yake cewa yana yi wa maƙwabcin nan.

Amma ai Yesu da kansa ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa.

Ya faɗa, a Matiyu sura 6. Riya yake hanawa a wurin, masu yi don a gan su a yabe su. Sura ɗaya kafin nan, a cikin wa'azi guda ɗin, ya ce ba a kunna fitila a kife ta da masaki. Ka ɓoye sadakarka da azuminka, kar ka ɓoye Ubangijinka.

Ba aikin fasto da 'yan mishan ba ne? Mu da ba mu je makarantar Littafi ba fa?

Wannan tunanin shi ya fi komai kashe mana gwiwa. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 8, da tsanani ya tashi a Urushalima manzanni ne suka zauna a gari, talakawan masu bi ne suka warwatse, kuma su ne aka ce sun yi ta shelar Maganar duk inda suka shiga. Wa ya gaya wa Na'aman, shugaban sojojin Suriya, inda zai sami warkewa daga kuturta? Yarinya ce baiwa a gidansa, ko sunanta ba a rubuta ba. Matar nan Basamariya da ta haɗu da Yesu a bakin rijiya tulunta ta bari ta ruga cikin gari, ba ta da takardar kowa.

Tarihinmu na nan gida ma haka yake. Muna yawan ambaton Turawa, Karl Kumm da ya iso Wase a 1904, Dakta Miller a Zariya a 1905, Kulp da Helser da suka yi sujadar farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma Turawan nan nawa ne? Su nawa za su zaga ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Gombe da Kudancin Katsina? Masu bishara 'yan ƙasa ne suka yi aikin, da ƙafa da keke. Shi ya sa ma aka kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta cocin ECWA, don ikilisiya ta aika da nata 'ya'yan da nata baikon. A shekarun 1960 kuma Sabon Rai Don Kowa ta taso da tunani guda, cewa kowane mai bi mai bishara ne, ana koya wa mutane bibbiyu su fita su shiga gidaje. Har yau in ka ji gangunansu da waƙarsu ranar fita sai jikinka ya tashi. Ga Zumuntar Mata, waɗanda in da za a ƙirga gidajen da suka shiga da sunan gaisuwar mara lafiya da barka da ta'aziyya, da an ga su ne kan gaba.

A ƙauyen kakata wani mai bishara ne ya zo da matarsa, aka ba shi wata gona da ba wanda yake so saboda tsakuwa. Kakata ta ce shekarar farko ko wa'azi ba su ji ya yi ba, gayya kawai yake zuwa, duk wanda ya kira aikin gona yana wurin da fartanyarsa. Da dare sai ya kunna fitilar ƙwai a ƙofar bukkarsa yana karatu da ƙarfi, yara suna leƙe, daga leƙe sai zama, daga zama sai koyon a ba ca da. Babana yana cikin yaran nan. Mutumin ko aji huɗu bai gama ba.

Toh "a fili" ɗin nan, ma'anarsa a ɗaura lasifika a kan majami'a ne ko a tsaya a tasha ana ihu?

A'a, kuma a nan nakan saɓa da wasu 'yan'uwa. Ƙara daban, fili daban. Akwai wanda zai kwana yana addu'a da lasifika huɗu a tsakiyar unguwa, mai jego ba ta yi barci ba, ɗan makaranta mai jarabawa da safe bai yi ba, tsoho mai hawan jini bai yi ba, sannan gari ya waye ya ce wai ana tsananta masa saboda bishara. Ba saboda bishara ba ne ɗan'uwa, saboda ka hana mutane barci ne. Kuma ba ma jin daɗi in wasu suka yi mana, don me za mu yi?

Ni a fahimtata a fili yana nufin abu biyu. Kar ka ɓoye ko kai wane ne, kuma kar ka yi dabara. Manzo Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 4:2 sun rabu da ɓoyayyun abubuwan kunya, ba sa tafiya da makirci. Kenan in ka gayyaci mutum taro ka gaya masa taron coci ne, kar ka ce masa walima ce ko taron koyon sana'a sai ya zo ya tarar da wa'azi. In ka ba shi littafi ka ce masa Linjila ce. Wa'azin kasuwa da na fili yana da wurinsa, inda aka saba da shi kuma aka nemi izini, ban hana ba. Amma mafi yawan shaidar da na ga ta yi 'ya'ya a kan tabarma aka yi ta da murya ƙasa ƙasa.

Dokar ƙasa ta yarda kuwa?

Ta yarda. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin canza addini, da na bayyana shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko tare da wasu, a fili ko a keɓe. Sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati. Wannan kariyar Musulmi da Kirista duk ta rufe su.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abun da ke takarda daban, abun da mutum zai tarar a wasu garuruwa in ya je neman fili ko takardar gina majami'a daban. Kuma abun ba yau ya fara ba, tun zamanin Turawan mulki gwamnati ta taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, shi ya sa aikin ya fi ƙarfi a wasu yankuna fiye da wasu. Ku san 'yancinku, ku nemi izini inda ake nema, in an hana ku bi ta shugabannin ikilisiya da ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wato CAN, da lauya, kar ku bi ta faɗa.

Baba, ana kashe mutane fa. Ba ganganci ba ne?

Ba zan ce maku babu haɗari ba. A Yulin 2016 an kashe Eunice Olawale a Kubwa ta Abuja, ta fita wa'azin asuba. A Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN, shugaban CAN na Michika. Leah Sharibu tun Fabrairun 2018 da aka kwashe su tare da 'yan matan makarantarsu a Dapchi ba ta dawo gida ba. A Nijar an ƙone majami'u da yawa a Zinder da Yamai a Janairun 2015 kan wani zane da aka yi a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki ko kaɗan. Duk wanda ya ce maku tsoro rashin bangaskiya ne kawai, ina ga bai taɓa kwana a barikin soja da 'ya'yansa ba.

Ubangiji bai ɓoye mana ba, ya ce kaman tumaki a tsakiyar kyarketai yake aikenmu, sai ya haɗa da cewa mu zama masu wayo kaman macizai, marasa ɓarna kaman kurciyoyi. A wannan surar ta Matiyu 10 ya ce in an tsananta maku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Bulus da kansa a cikin kwando aka zuraro shi ta katangar Dimashƙu. Don haka kaucewa ba zunubi ba ne, zaɓen lokaci da wuri ba zunubi ba ne. Layin da ba a tsallakewa ɗaya ne, musun Ubangiji. Tsakanin musu da ganganci akwai fili mai faɗi sosai, a nan yawancinmu za mu yi rayuwarmu.

Kuma mu koyi darasi daga abun da ya wuce. Rikicin Kafanchan na 1987 daga taron wa'azi a kwalejin ilimi ya taso, na Kano na 1991 kan zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke ne. Babu abun da ya halatta kisa da ƙone ƙone, wannan ba na ja da baya a kansa. Amma mai shirya taro ya tuna cewa baƙo zai hau jirgi ya tafi, talakan da ke bayan gari shi zai kwana da abun da ya biyo baya.

In ina wa'azi, laifi ne in nuna kuskuren addinin wani?

An aike ka ka faɗi Almasihu, ba a aike ka zagin abun da wani yake girmamawa ba. Akwai wata aya da ba a cika karantawa ba, Ayyukan Manzanni 19:37. Bulus ya yi fiye da shekara biyu a Afisa, gari ya hargitse saboda koyarwarsa, amma da magatakardan gari ya tashi kwantar da tarzoma sai ya shaida cewa mutanen nan ba su saɓi allahiyarsu ba. Wanda ba mai bi ba ne fa ya ba da wannan shaidar. A Atina ma da ya ga gumaka ransa ya ɓaci, amma da ya buɗe baki da girmamawa ya fara, har ya kawo maganar mawaƙansu.

Abun da nake gani yanzu a Facebook da TikTok yana damuna matuƙa. Yaro yana zaune a Legas ko a Turai yana zage zage da sunan kare bangaskiya, ana tafa masa, wanda zai biya kuɗin maganar kuma yana wani ƙauye a Bauchi ko Katsina. Magana zarar bunu ce. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. In an tambaye ka me ya sa ka gaskata Yesu Ɗan Allah ne, ko ya mutu a kan gicciye ya tashi, ka amsa sarai ba kwana kwana, kar ka rage komai don a so ka. Wannan ya ishe ka aiki.

Wani maƙwabcina ya ce min: ku da asibiti da makaranta da buhun masara kuke sayen mutane.

Na gode masa da ya faɗa a gabana. Amsar da na ba shi ita ce, in akwai inda aka ce wa mayunwaci sai ka tuba za a ba ka, toh an yi zunubi, kuma abun da aka samu ba tuba ba ne. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, bai janye warkarwar sauran taran ba. Asibitin Galmi da ke Nijar tun 1950 yake aiki kuma yawancin masu zuwa Musulmi ne, suna shan magani su koma gida da addininsu. Haka Wusasa, haka Vom, haka wuraren kula da kutare irin na Garkida da Danja a lokacin da dangi ma gudun mai cutar suke. A yankin Maraɗi wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma tun shekarun 1980 kan rainon kututturan itatuwa a gona maimakon sare su, kuma ba a tambayi manomi addininsa kafin itacen ya ba shi inuwa ba.

A 2011 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da Fadar Paparoma da ƙungiyar masu bishara ta duniya sun fitar da takarda guda tare kan yadda Kirista zai yi shaida a cikin masu wasu addinai, a ciki sun yi tir da yaudara da tilas da amfani da talaucin mutum. Ba ma ɓoye cewa saboda Yesu muke yi, in an tambaya za mu faɗa. Amma maganin ba ƙugiya ba ne.

Ba halin kirki kaɗai ya isa ba? Sai an yi magana?

Hali shi ke buɗe kunne. Mai awon da mudunta a lotse yake, ma'aikacin da sai an ba shi na goro zai sa hannu a fayil, mai cin bashi ya sauya hanya, duk in suka yi shiru da wa'azi sun taimaki bishara. Amma hali kaɗai kai zai sa a yaba, a ce wane mutumin kirki ne, shikenan. Akwai Musulmi masu halin da ya fi naka. Romawa 10:14 tana tambaya yaya za su ji in ba mai faɗa.

In maƙwabcina Musulmi shi ma ya kira ni zuwa Musulunci fa?

Ka saurare shi yadda kake so ya saurare ka. Shi ma a wajensa alheri yake nufinka da shi, kuma sashe na 38 ɗin nan da kake riƙe da shi nasa ne shi ma. Ba ka rasa komai don ka ji. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa a Kaduna da can abokan gaba ne, Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, daga baya suka zauna suka kafa cibiyar sulhu tare, kuma ba wanda ya bar addininsa a cikinsu. A Yunin 2018 a Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. In kana maganar maƙwabcinka ka tuna da wannan dattijon.

Wani ya zo a ɓoye ya ce yana so ya bi Yesu. Me zan yi?

Da farko ka ajiye wayarka. Kar ka ɗauki hoto, kar ka sa a status, kar ka tashi ranar Lahadi ka ba da shaida da sunansa. Fili ɗin da muke magana naka ne, bangaskiyarka kai za ka bayyana, tasa kuma shi zai zaɓi ranar da zai faɗa da wanda zai faɗa wa, don shi zai ɗauki nauyin. Na ga inda murnar 'yan'uwa ta jawo wa mutum rasa gida da mata da jari cikin mako ɗaya.

Kar ka yi gaggawa, kar ka yi masa alkawarin aiki ko kuɗi ko aure. Ka gaya masa gaskiyar abun da zai iya fuskanta, ku yi karatu tare, ka haɗa shi da fasto ko dattijo mai riƙe sirri. Ka ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa fiye da da. In yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, kar ka ɗauke su daga gida, kar ka yi komai a bayan iyaye, ka kai maganar ga shugabanni. Mu ma muna kuka in aka yi wa 'ya'yanmu mata haka, kuma kukanmu gaskiya ne, toh kar a same mu da irinsa.

Sannan ikilisiya ta shirya. In aka kore shi wa zai ba shi ɗaki? Wa zai koya masa sana'a, wa zai zama waliyyinsa ranar aure, wa zai ba shi 'yarsa? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ke sa majami'a ta yi tsit. Muna son mu ji an tuba, amma sai mu bar mutum a bencin baya shekara biyar muna kallonsa da zargi. In ba mu shirya zama danginsa ba, ban ga da wane baki za mu kira shi ba.

Wai akwai Bahaushe Kirista? Kullum sai an tambaye ni.

Akwai, ga ni. Muna nan a Kano da Katsina da Jigawa da Zariya da Zamfara da Maraɗi, da yawanmu daga gidajen Maguzawa, har muna da ƙungiyarmu, Tarayyar Masihiyawa. Wusasa ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Wani lokacin shaidarka ta farko ita ce kawai ka ƙi ɓoye sunanka, ka sa babbar rigarka da hularka ka tafi sujada, a gan ka, ka dawo ka gaida kowa.

Na yi shekaru ina yi, ko mutum ɗaya bai tuba ba.

A Disambar 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu suka mutu, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake dawowa, ciwo ya sake mayar da shi. Sai 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aikin ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Juya zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma mutum yana da 'yancin ya ji ya ce a'a. In ya ce a'a yana nan maƙwabcinka, ka je sunan ɗansa, ka kai masa abincin Kirsimeti, ka karɓi naman Sallarsa in zuciyarka ta yarda.

Daga ina zan fara?

Ka rubuta sunan mutum uku da kake gani kusan kullum, ka riƙa yi masu addu'a da suna. Ka zauna ka shirya yadda za ka faɗi abun da Yesu ya yi maka cikin minti biyu da Hausar da ake ji a kasuwa, ba da kalmomin da sai ɗan coci ne zai gane ba. Ka karanta Bisharar Luka ko ta Markus daga farko har ƙarshe don in an tambaye ka labari ya zama kana da shi a ka. In ɗayansu ba shi da lafiya ka je dubiya, kafin ka tashi ka tambaye shi ko ya yarda ka yi masa addu'a cikin sunan Yesu. In ya ce eh ka yi gajeriya, in ya ce a'a ka ce Allah ya ƙara sauƙi, jibi ka sake komawa dubiya.